Hannun da Ya Miƙa Goro

Akwai wani saurayi a Parakou mai suna Taufiƙ, ɗalibi a wata makarantar koyon zanen tallace-tallace. Hannunsa na da sauri, shi ma ya san da haka. A ajinsu akwai Amatullah, 'yar Djougou, jikar fataken goro. Ita ba ta da sauri, amma tana kallon abu sau biyu.

Malaminsu, Mushe (wato Monsieur) Inoussa, ya bar su su yi aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda suke kira IA. Sharaɗinsa ɗaya ne: abin da ka miƙa, kai ne za ka amsa shi.

Wata rana ya zo da aiki. Alhaji Abdulbaƙi, babban dillalin goro a Djougou, yana son allon shago. Wanda aka zaɓi zanensa zai samu gurbin koyon aiki a wata maɗaba'a. Gurbin ɗaya ne, Amatullah kuwa ta daɗe tana nemansa.

Taufiƙ ya sa IA ta zana masa saurayi a durƙushe yana miƙa wa dattijo goro. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Da yake an koya musu cewa fuskar mutumin da ke cikin hoto ta riƙa kallon rubutu, sai ya juya hoton, dama ta koma hagu.

Amatullah ta zo wucewa ta bayansa, ta tsaya. Ta san Alhaji, ta san abin da idonsa zai fara gani. Da ta yi shiru, da gurbin ya zama nata.

"Taufiƙ, da wane hannu yaronka ke ba da goron?"

"Hajiyar goro, an fara hassada ke nan? Na tambayi IA, ta ce babu kuskure."

"Me ka tambaye ta?"

"Launi da tsarin rubutu."

"To ta ba ka amsar launi. Faɗa mata wa zai kalli allon."

Ya rubuta yana dariya. Amsa ta fito cewa miƙa wa babba abu da hagu rashin ladabi ne a wajen waɗannan mutane. Dariyar ta tsaya. Ya mayar da hoton yadda yake, ya sauya wa rubutun gefe.

A Djougou, Alhaji ya jera zanukan a kan tabarma a gaban ɗaliban. Bai duba launi ba, hannuwa ya bi da kallo. Ya ɗaga na Taufiƙ.

"Wannan yaron na cikin hoto ya samu tarbiyya."

Amatullah ta yi wa Taufiƙ murna. Abin ya ɗan sosa mata rai, amma ba ta yi nadama ba.

Sai Taufiƙ ya sunkuyar da kai. "Baba Alhaji, tarbiyyar ba tawa ba ce. Da hagu na sa shi ya miƙa, Amatullah ce ta gyara."

Alhaji ya dube ta. "Kin san ke za ki rasa, kika faɗa masa?"

"Allon shagonka ne, Baba. Mutanen garinmu ne za su wuce ta gabansa."

Taufiƙ ya samu gurbinsa. Alhaji kuwa ya kira mai maɗaba'ar, ya ce daga yau duk aikinsa da na 'yan'uwansa dillalai, sai yarinyar nan ta duba kafin a buga. Mai maɗaba'a ya nemo kujera ta biyu, ta Amatullah.

Darasi: Na'ura tana amsa abin da ka tambaye ta ne kawai, sanin mutane kuwa aikinka ne. In ka ga kuskuren abokin takararka, gyara masa, alheri ba ya rage maka rabo. Tura wannan labari ga ɗalibin da ka sani, ko malaminsa.