Wutar da Malam Dalhatu Ya So Gani

Ku yi mini haƙuri, sunan garin ya kuɓuce mini. Ko Funtuwa ne ko Gusau, na dai tuna akwai layin dogo. Mutanen ne ban manta ba.

Malam Dalhatu ya tsufa yana gyaran injuna a filin jirgin sama. Da ya ajiye aiki sai ganinsa ya soma raguwa, likita ya ce ba zai dawo ba. Buri ɗaya ya rage masa: ya haɗa ɗan ƙaramin injin jirgi, kamar kwalbar fulas a girma, ya ga wutarsa da idonsa kafin duhu ya rufe shi. Aikin yana kansa, amma hannu na rawa, ido na hazo.

Ɗanliti, maƙwabcinsa mai zuba tukwane, shi ya ɗauki aikin farfelar da ke zuƙo wa injin iska. Ya narka tsofaffin murafai ya zuba a cikin yashi, ta fito da ramuka, ya sake narkawa. Haka ya yi ta yi har matan unguwa suka gaji da jiran tukwanensu. Daga ƙarshe ta fito sumul.

Sai dai da aka juya ta, ta riƙa karkata gefe guda. Nan Hajiya Turai mai sayar da zinari, ƙanwar Dalhatu, ta zo da ɗan ma'auninta. Ta ce wanda ya saba auna ɗan kunne ba zai kasa auna wannan ba. Ta yi ta goge fukafukan kaɗan-kaɗan, tana tara garin tana aunawa, har farfelar ta tsaya daidai duk inda aka bar ta.

Ranar gwaji aka buɗe tukunyar gas, injin ya ɗauki kuka. Dalhatu ya kai fuskarsa dab da shi don ya gani. Jatau mai injin niƙa, taubashinsa, wanda tsokana ce ma ta kawo shi, ya jiyo wani siririn ƙara a ƙarƙashin kukan. Ya yi wuf ya rufe gas.

Dalhatu ya ce, "Kai Jatau, hassadar taka har ta kai nan?"

Jatau ya ce, "Makaho, giris ka cusa wa boris kamar injin markaɗe. Da na bari, da hancinka za mu tsinta a kasuwa."

Aka kwance, aka tarar boris, zoben ƙarfen da farfelar ke juyawa a kansa, ya yi baƙi, saura ƙiris ya tarwatse. Jatau ya kawo wani, ya ɗiga masa man keken ɗinki, aka sake kunnawa.

Injin ya tashi lafiya. Dalhatu ya zauna ƙasa yana ta sa musu albarka. Ya ce ba shi da abin da ya fi wannan inji daraja, kuma ba ya rabuwa uku, ɗayansu zai bar wa.

Na daɗe ina kokwanto ko ya ga wutar, ko kukan kawai ya ji. Bara na haɗu da 'yarsa a wajen wani suna, ta tabbatar mini ya gani. Ta ce har ya rasu, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya gaya masa shuɗiya ce.

To, jama'a, tsakanin mai zubi, da mai awo, da mai kunne, wa ya kamata Malam Dalhatu ya miƙa wa injin?