Allurar da Maccido Ya Kasa Jira

A shekarun da kuɗin fetur ke ambaliya, soja na mulki, akwai wani malamin kimiyya ɗan Ƙofar Atiku mai suna Maccido. Ilimi kam Allah ya ba shi, haƙuri ne babu. Mutum ne da in ya ɗora shayi sai ya buɗe butar sau biyar kafin ta tafasa.

Ya dawo daga karatu a waje da 'yar tukunyar ƙarfe da gwangwani ɗaya tak na garin magniziyam, wani ƙarfe mara nauyi. Burinsa ya nuna cewa garin zai iya shanye iskar haidurojin ya adana ta, a yi makamashi da ita ranar da fetur ya ƙare. Abokan aiki suka yi ta masa dariya, wai fetur ne zai ƙare? Kwalejin da yake koyarwa ta ba shi ɗaki guda bisa sharaɗi: ran Alhamis tawagar gwamnan soja za ta zo, in babu abin nunawa, za a karɓe ɗakin.

Aikin kuwa na jira ne. Iskar tana ratsa ƙwayar garin a hankali, kamar yadda ruwa ke jiƙa gero. Bayan ƙwayar ne ke fara ƙoshi ya yi ɓawo, sauran iskar kuma sai da ƙyar take kutsawa ciki. Allurar ma'aunin matsi ce shaida, in tana sauka, iska na shiga.

Ran Talata allurar ta kusa tsayawa. Hankalin Maccido ya tashi, ko abinci ya kasa ci, sai kai-komo yake yana ƙwanƙwasa gilashin ma'aunin da farce. Ran Laraba da hantsi ya ce zai ninka wuta. Malam Ishaya, dattijon da ya shekara ashirin yana kula da kayan gwaji, ya tuna masa cewa shi Maccido da kansa ya rubuta iyakar zafin a bango.

"Malam, tana shiga, a hankali ne kawai. Mu nuna musu rabin da muka samu."

"Rabi? Soja na tahe gobe, in ce musu mi? Baba Ishaya, ni na karanci abin ga, ba kai ba."

Ya murɗa wutar. Ba a jima ba allurar ta fara hawa, domin zafi in ya wuce kima, iskar da ta shiga fitowa take yi. Maccido ya zabura zai rage wutar. Kafin ya kai hannu, murfin tukunyar ya tsage, garin ya kama da farar wuta mai kashe ido. Ishaya na cewa a kawo yashi, shi kuwa cikin ruɗewa ya sheƙa bokitin ruwa, abin da kullum yake hana ɗalibai. Wutar ta yi tsalle ta lashe littattafansa na shekara uku, ta ƙone hannun daman Ishaya da ya fizgo shi waje.

Washegari tawagar ta leƙa ta ga baƙin bango, ta wuce. Bayan wata guda aka share ɗakin, aka jera durom-durom na man janareta a ciki. Kullum ta ƙofar Maccido yake bi zuwa aji, kullum kuma sai ya gaisa da Ishaya da hannun hagu.

Darasin wannan labari shi ne, kowane aiki yana da lokacin da yake ɗauka, tsoron manya ba ya rage shi. Da Maccido ya yarda ya nuna rabin aikinsa na gaskiya, da yana da ɗakin da zai ƙarasa sauran. In kana cikin fargaba wanda ya daɗe a aiki ya ce ka dakata, to ka dakata.