Kuɓewar Inna a Kan Farantin Sola

Akwai wani mutum, manomi, wanda mahaifiyarsa take zaune a gidansa cikin tsufanta. Ana nan sai ciwon sukari ya kama ta. Likita ya rubuta mata allurar kullum, ya kuma ja wa ɗan kunne ya ce, "Maganin nan ba ya shiri da zafi. In ya sha zafi, ƙarfinsa ya tafi." Garin nasu kuwa, wutar lantarki takan yi kwana huɗu ba ta leƙo ba.

Mutumin ya zauna ya yi nazari. Janareta kullum sai an ba shi mai. Sola kuwa nauyinsa a farko yake, sai kuma batir da za a sake idan ya tsufa. Sai ya sayar da ɗaya daga cikin shanun nomansa, ya sayo faranti biyu masu kama hasken rana, da batir, da ƙaramin firij. Da yake jinkar ɗakinsa ba za ta ɗauki nauyi ba, Habila mai haɗa sola ya ɗora farantan a kan gajeriyar rumfar da ke tsakar gida. Firij ya yi sanyi, tsohuwa ta murmure, gida ya cika da godiya.

Da kaka ta yi, sai firij ya fara mutuwa tun kafin rana ta faɗi. Mutumin yakan fita gona da sassafe, ya dawo da yamma. Ya duba farantan, ga su fes, har suna walƙiya. Ya taɓa kwalbar allura, ya ji ta da ɗumi. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, ya aika wa Habila da faɗa, ya ce, "Sa guda na sayar, ka haɗa mini kayan banza!"

Washegari ya fasa zuwa gonar nesa, ya ɗauko Habila da tsakar rana. Suna shiga gida suka tsaya cak. Farantan nan biyu an lulluɓe su da yankakkiyar kuɓewa, gefe guda kuma ga barkono. Inna na tsaye a kan turmi tana juya shanyarta.

Mutumin ya ce, "Inna! Mene ne haka?"

Ta ce, "Shanya mana. Duk gidan nan ba inda kuɓewa ke bushewa kamar nan. Ga santsi, ga zafi, awaki ba sa kaiwa. Kuma ai ina goge muku abinku tas kafin ka dawo. Ba kai ne mai son miyar busasshiyar kuɓewa ba?"

Habila ya danne dariya ya ce, "Inna, sai farantin nan ya sha rana firij ke samun wuta. Kuɓewarki ce ke shanye rabonsa."

"Kai, yaron nan! Rana ce za ta ƙare? Ga ta nan ta cika gari."

"Ta cika gari kam, Inna, amma ba ta taɓa gilashin ba."

Tsohuwa ta dubi ɗanta. Ta ce, "Ashe maganina na dafa don in yi maka miya."

Mutumin bai yi mata faɗa ba. Ya riƙe hannunta ta sauko daga turmi, ya ba Habila haƙuri, ya hau keke ya tafi asibiti ya karɓo sabuwar allura. Da ya dawo, ya kafa mata wata rumfar shanya da fallen kwano a bayan ɗaki, ya ce, "Nan naki ne, Inna. Can kuma na rana ne."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Rana ita ce alherin Allah, wanda yake fitowa kowace safiya kyauta. Farantin kuwa zuciyarmu ce. Amma ku duba da kyau, gama wannan ne ya fi taɓa ni: Inna ba shara ta zuba a kai ba. Abinci ne, kuma ƙauna ce ta sa ta shanya shi! Haka muke. Ba kullum mugunta ce ke rufe mu ba. Wani karatun jarrabawa ne ya shanya a kan lokacin addu'arsa. Wata kasuwa ce, wani gona, wata ma gwajin waƙar mawaƙan ikilisiya. Duk abubuwa ne masu kyau. Ran Lahadi sai mu kwashe, mu goge, mu shigo sujada fes, kowa ya ce lafiya muke, alhali a ciki haƙuri ya ɗumama, bangaskiya ta rasa ƙarfi.

Ubangiji bai ce mu zubar da kuɓewarmu ba, ya san muna bukatar miya. Abin da yake so shi ne mu ba kowane abu wurinsa, mu bar nasa a buɗe. Saboda haka kada ka gwada kanka yau Lahadi, ranar da kowa ya goge. Gwada kanka ran Laraba da tsakar rana, ka ga abin da ke shanye a kan zuciyarka, ka sauke shi tun maganin bai lalace ba.