Ɗigon Shuɗi a Gindin Gwangwani

An yi wani mutum mai babban kanti, irin wanda ake shiga a ɗauki kwando a zaɓi kaya da kai. Fitilu farare tas, sanyi ta ko'ina, daɓen ƙasa kamar madubi. Mutanen unguwa suna ce masa Mai Rahusa, shi kuwa sunan yana yi masa daɗi.

Lokacin da ya buɗe, ƙananan shaguna ne birjik a kan layin. Bai yi cacar baki da kowa ba. Sai dai ya aika a dubo masa farashinsu, ya karya nasa ƙasa da yadda suka saro. Ya tara dillalai ya ce duk wanda ya sauke wa wani kaya a layin, kada ya ƙara taka ƙofarsa. Shekaru suna tafiya, ɗaya bayan ɗaya shagunan suka sa kwaɗo.

Na ƙarshe shi ne na surukinsa, mijin 'yarsa ta fari. Matar Mai Rahusa ta roƙe shi, ta ce, "Ko don 'yarka, ka bar wa yaron nan cinikin madara da sabulu."

Ya yi dariya. "In tausayi yake nema ya je asibiti. Ni kanti na buɗe."

Ya 'yan uwa, kun taɓa tambayar kanku daga ina irin wannan araha take fitowa?

A bayan siton kantin akwai wani ɗaki marar taga. Ba komai a ciki sai tebur, auduga, kwalbar sinadarin goge fentin farce, da ɗan injin buga kwanan wata. Kayan da wa'adinsu ya wuce, da waɗanda suka sha zafi da lema har suka fara tsatsa, su yake sayowa a ɓagas. A goge tsohon kwanan wata, a buga sabo, a jera su a kantar da ke bakin ƙofa. Madarar jarirai ta fi tafiya, domin uwa ba ta iya ce wa jariri ya jira.

Ya san abin da yake yi. Shi ya sa duk gwangwanin da ya bi ta ɗakin, sai ya ɗiga masa shuɗin fenti a gindi, ɗan mitsitsi, don kada ya yi kuskuren kai shi gida. Bai gaya wa iyalinsa ba. Sun dai saba ganinsa yana juya kowane gwangwani kafin a buɗe, har yaransa suna kwaikwayonsa suna dariya.

'Yarsa ta haihu, nono bai wadata ba. Ya zaɓi madara mai kyau da hannunsa, katan guda, ya aika. Surukin ya mayar da ita ko buɗewa bai yi ba. Tun ranar da aka rufe shagonsa ya rantse komai na mutumin nan ba zai shiga gidansa kyauta ba.

Ina 'yar tasa za ta je? A duk unguwar babu sauran shago, ubanta ya share su. Ta dakaci lokacin da ba ya nan, ta shiga kantin, kai a sunkuye kamar baƙuwa. Kuɗin da ke hannunta bai kai na kayan kantocin ciki ba. Ta tsaya a ta bakin ƙofa.

Bayan 'yan kwanaki aka kira shi asibiti. Ya tarar da jikansa kwance, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, ko kuka ba ya iya yi. A ɗakin akwai wasu jariran a jere, ya gane fuskokin iyayensu mata, masu yi masa godiya a bakin kanti. A kan durowar gefen gado ga gwangwani.

Hannunsa ne ya riga shi. Ya ɗauka, ya juya.

'Yarsa tana kallonsa. Ta ga fuskarsa, ta ga inda idonsa ya tsaya. A hankali ta ce, "Baba, tun muna yara kake yin haka. Me kake dubawa?"

Ya mayar da gwangwanin kan durowa. Ba ta sake tambaya ba, kuma ba ta sake kiransa Baba ba.

Jaririn bai kai la'asar ba. Hukuma ta bi sawun madarar, ta fasa ɗaki marar taga, ta garƙame kantin, aka tafi da shi. Da ya fito bayan shekaru, matarsa ta koma wurin danginta, layin kuma ya cika da sababbin shaguna. An ce har yanzu yana shiga cikinsu, ba ya sayen komai. Juya gwangwanaye kawai yake yi, ɗaya bayan ɗaya, har a kama hannunsa a fitar da shi.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi zunubinsa cikin rashin sani ba. Ɗigon nan shaida ne a kansa. Ya ware 'ya'yansa daga 'ya'yan mutane, ya ce waɗannan a kare su, waɗancan su sha. Ya manta wanda ya halicci nasa shi ya halicci na wasu. Kuma kowace ƙofa da ya rufe wa maƙwabci, ashe 'yarsa yake rufe wa.

Kai mai awo, ke mai sayarwa, akwai abin da kuke miƙa wa mutane wanda ba za ku kai gida ba?

Allah ya tsarkake mana hanyar cinmu, ya hana hannayenmu cutar da abin da muke ƙauna. Allah ya kiyaye mu, amin.