Yadda Guza Ya Zama Innar Agwagi

Ga ta nan, ga ta nanku, kuma sau ɗaya nake faɗa, ba ƙari.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Agwagwar kurmi ce, irin mai yin sheƙa a kogon bishiya. Masu gatari sun sare kurmi, maharba sun ɗauke mijinta, har duk danginta ba wanda ya rage sai ita da ƙwai bakwai a kogon maɗaci. Dabbobi suka taru suka yi doka: wanda ya taɓa ƙwan nan, a kore shi daga bakin rafi.

Guza ya fi kowa gyaɗa kai. Ranar da agwagwa ta sauka kiwo, sai ya hau ya kwashe ƙwan tas. Ya duba ya ce, "Waɗannan ƙananan ko wuya ba za su kai mini ba. Bari in binne su a rairayi mai ɗumi su ƙara ƙiba."

Kwana biyu ya dawo da yunwarsa. Yana tonawa, sai kawuna bakwai suka leƙo, suka dube shi, suka ce, "Inna."

"Wace innar? Ni namiji ne."

"Inna."

Ya gudu, suka bi shi. Ya faɗa ruwa, ashe sun fi shi iyo. Haka ya iso wurin da dabbobi ke taron cigiyar ƙwan, bakwai a bayansa a jere, ana ta "Inna, Inna." Biri ya ce, "Barka da sauka, Malam Guza, yaushe ne suna?" Guza ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sarar gatari na ji, shi ya sa na ɓoye su."

Agwagwa ta dube shi. Ta ce, "To madalla. Tunda kai suka sani, sai ka yi renonsu shekara bakwai."

"Haba Yaya, wata ɗaya dai."

"Albarka."

"Damina ɗaya?"

"Shekara bakwai, da gadin maɗaci. Ko in tambaye ka me ya kawo yawu a jikin ɓawon ƙwan?"

Guza ya ce ya saya.

Har yau in guza ya hango mutum sai ya ruga cikin ciyawa, kada a ce masa ina yara.

Ƙurunƙus kan guza. In za ka saci ƙwai, ka fara tanadin zanen goyo.