Ranar da Humaira Ta Kira Babanta Baƙo

Akwai wani direban motar haya a garin Rano mai suna Zulkifilu, layinsa Rano zuwa Kano. Asalinsa ɗan Kahu ne ta ƙasar Kibiya, gidan masu shanu da suka zauna suka haɗa da noma. Shi da matarsa Fatu Allah ya ba su 'yar fari, aka sa mata Humaira.

To, kun dai san halinmu da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, ko faɗuwa ya yi sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Zulkifilu kuwa ya ɗauki kunyar nan da zafi. In aka ce masa a tasha, "Ya yarinya?" sai ya ce, "Oho, tana can."

Amma fa a zaure kunyar take tsayawa. Da ya shiga gida ya tura ƙyaure, sai ka rantse ba shi ba ne.

Ita kuwa Humaira, tun ba ta cika shekara biyu ba ta zama mai gari a gidan. Tana tafe tana tangaɗi, ciki a gaba, hannu a baya, kamar mai zagayen gona. Kaji na hango ta suke watsewa, don sai ta tare su ta yi musu faɗa da wani yare da ita kaɗai ta san shi.

In Fatu ta tayar da salla, sai ta zo gefenta ta dungura goshi a ƙasa, ta leƙo ta ƙarƙashin hammata ta ga ko ana kallonta. Ba ta cin abu ita kaɗai, ko ƙosai ne sai ta gutsura ta tura wa kowa a baki. Ga tsiwa. In ta ce "a'a", to an rufe magana.

Abin da ya fi kashe uban da dariya shi ne ta shiga baho ta zauna, ta riƙe murfin tukunya tana juyawa, tana cewa, "Kano, Kano!" Sai ya kwanta a tabarma yana dariya har da hawaye, ya ce wa Fatu, "Kin ga mutuniyar nan? Wallahi ta fi Gajere iya lodi." Gajere shi ne ɗan kamashon tasharsu.

Da lokacin yaye ya yi, aka kai ta Kahu wurin mahaifiyarsa, Inna Jumai, kamar yadda aka saba. Yaro ya yi 'yan kwanaki wurin kaka, ya manta da nono, a dawo da shi.

Ranar da Zulkifilu ya je ɗauko ta, ya tarar da tsakar gida cike da gwaggonni da baffanni. Humaira na kan cinyar Inna tana kokawar cire mata ɗankwali.

Inna ta ce, "Ni fa ƙawar nan tawa ta shiga raina. Ko dai in riƙe ta ne?"

Ido ya dawo kansa. Maimakon ya sunkuyar da kai ya yi shiru kamar mai hankali, sai ya so ya nuna wa baffanni ya iya kara. Ya ce, "Ai taku ce, Inna. Ku riƙe ta mana. Mu dama ta ishe mu da ɓarna, mun huta."

Baffanni suka gyaɗa kai suka ce haka ake so. Gogan naku ya tuƙo mota ya dawo Rano shi kaɗai, yana tafe yana jin kamar ya mari bakinsa.

Fatu ta leƙa bayansa ba ta ga kowa ba. Ya yi ta kame-kame har ya faɗa mata abin da ya faru. Can ta ce, "Malam, ka san ni ba zan iya zuwa gaban Inna in ce a ba ni 'ya ba. Bakin da ya bayar, shi zai karɓo."

Gida ya yi tsit. Kaji suka samu sake suna yawo har ɗaki. Zulkifilu ya dawo daga aiki ya zauna ya ci tuwo babu mai tsoma masa hannu a miya. Kewar yarinyar nan ta dame shi ƙwarai, kuma ya rasa wanda zai faɗa wa.

Daga nan direban Kano ya koma farautar lodin Kibiya. Buhun masara ne, tunkiya ce, ko tsohuwa ɗaya ce da ƙullinta, shi dai a ce Kibiya. Har Gajere ya ce masa, "Wai ni kam, an mayar da Kano gabas ne ban sani ba?"

In ya je Kahu kuwa, sai ya durƙusa ya gai da Inna, ya koma gefe yana satar kallon 'yarsa ta wutsiyar ido. Ko hannu ba ya miƙa mata.

Kullum ya zo sai ya tarar da sabon abu. Yau an ce ta iya tsalle da ƙafa biyu. Gobe an ce ta bi shanu har bakin garke tana nuna su tana cewa "nagge", wato saniya da Fulatanci. Wani zuwan ya ga an yi mata kitson farko, 'yan ƙanana, tana ta shafa kai tana nuna wa kowa. Shi da a da ko haƙori ya tsiro shi ne farkon gani, yanzu sai dai a ba shi labari.

Damina ta kankama, hanya ta ɓaci, ya yi 'yan makonni bai leƙa ba. Ranar da ya samu zuwa, ya sayo mata 'yan takalma ja, ya shiga da sallama. Humaira na tsakar gida tana wasa da ƙasa. Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙe da gudu ta shige bayan zanen kakarta.

Ta ce, "Inna, baƙo."

Matan gidan suka kwashe da dariya. Zulkifilu bai yi ba. Maganar ta soke shi har cikin zuciya, ya ga lalle in ya ƙara yin shiru, yarinyar nan za ta girma tana gaishe shi kamar kowane mai wucewa.

Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, ki yi mini aikin gafara. Maganar da na faɗa rannan ba haka take a raina ba. Humaira ba ta ishe mu ba. Ni da uwarta ba ma jin daɗin gidan tunda ta tafi. Roƙo na zo, ki ba mu ita."

Wata gwaggo ta riƙe baki ta ce, "Yau ga mara kunya, har da kama suna."

Inna Jumai ta ce, "Ƙyale shi." Ta dube shi. "Ni da wasa na yi maganar. Amma da na ji ka ce kun huta, sai na ce ba zan mayar da jikata inda aka gaji da ita ba. Kai ma yaye aka kai ka gidan kakanka, ba ka dawo hannuna ba sai da ka isa kiwo. Kullum ina leƙen hanya, ba wanda ya buɗe baki ya roƙo mini kai. Ɗauki 'yarka. Sai dai ba zan ba ka ita tana kuka ba, sai in ta zo wurinka da ƙafarta."

Jama'a, sai ga babban direba ya naɗe shaddarsa ya zauna daɓas a ƙasa a tsakar gida, gwaggonni na ta yi masa tsiya. Bai kira ta ba, bai jawo ta ba, ya dai zauna.

Can Humaira ta leƙo. Ta ɗauko totuwar masara ta ajiye masa daga nesa ta gudu. Ya ɗauka da hannu biyu ya ce, "Na gode, Hajiya." Ta kawo dutse, ya yi godiya. Ta kawo ludayi, ta jawo takalmin Inna ƙafa ɗaya, duk ya karɓa ya jera a gabansa. Rana ta yi sanyi, ƙafarsa ta yi tsami, bai motsa ba.

Daga ƙarshe ta zo hannu wayam. Ta tsaya a gabansa ta ƙura masa ido, ta kama gemunsa ta ja, shi kuma ya yi 'yar ƙara kamar ya ji zafi. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta juya ta zauna daram a cinyarsa, ta dubi kakarta tana dukan ƙirjinsa da tafin hannu.

Ta ce, "Inna, Baba. Nawa ne."

Zulkifilu ya rungume ta a gaban kowa, hawaye na zuba yana dariya. Inna Jumai ta miƙe ta ce bari ta haɗa wa ƙawarta kaya, ta shige ɗaki tana goge ido da bakin mayafi.

Darasi: Kunya ado ce, kara kuma tarbiyya ce, amma kada su kai ka ga faɗin abin da ba shi ne a zuciyarka ba. Yaro bai san kara ba, wanda ya ɗauke shi ya yi wasa da shi, shi ya sani. Ƙuruciyar 'ya'yanmu ba ta jiran kowa, mu nuna musu ƙauna tun suna hawa cinya. Ku tura wa iyayen da kuka sani, wataƙila akwai mai 'yar fari da ke bukatar jin wannan.