Miyar Azumi a Gidan Hajiya Kaltume

Hajiya Kaltume tana da gidan abinci a unguwar Gidan Igwai, kuma ko maƙiyinta ya san ta iya girki. Aibinta ɗaya ne, ba ta son ma'aikacin da ba irinta ba. Masu girkinta duk 'yan unguwa ne, sai Rifkatu, Kirista 'yar Zuru, wadda ta ɗauka don dole. Rifkatu ga aiki ga fara'a, amma Hajiya kullum sai ta sami abin faɗa a kanta.

Da azumin bana ya matso sai ta sallame ta, wai mai ci da rana ba ta da wurin zama cikin masu azumi. Hindu, babbar mai girki, ta yi roƙon duniya, Hajiya ta ƙi ji.

Ranar farko aka ɗora miyar buɗe-baki. Hindu ta zuba gishiri, wata mai girkin, Maimunat, ta ƙara, ita ma Hajiya da ta gifta ta watsa nata. Ba wadda ta yarda ta ɗanɗana, kowa na tsoron kada wani abu ya wuce maƙogwaro. Kai, ranar ko akuya ba ta iya lasar miyar nan! Washegari don tsoro suka janye hannu, miya ta fito lami. Masu saye suka fara komawa gidan gaba.

Hankalin Hajiya ya tashi ƙwarai. Nan ne Hindu ta gaya mata cewa azumin bara Rifkatu ce ke ɗanɗana kowace tukunya kafin a sauke. Kunya ta kama Hajiya, amma ta daure ta hau Keke Napep har gidan su Rifkatu.

"Ɗiyata, ni na yi kuskure," in ji ta. "Ki yi haƙuri ki taho mu koma."

Rifkatu ta yi dariya ta ɗauko gyalenta. Da isarta ta lashi ludayi, ta ce a ƙara daddawa, mata suka ɗauki guɗa. Kafin mako ya zagayo layi ya dawo har bakin titi. Ranar Salla Rifkatu ce ta riƙe wurin sauran suka tafi Idi, da Kirsimeti kuwa Hajiya da kanta ta dafa mata shinkafa ta kai.

Darasin shi ne, kada mu ƙi abokin aiki don addininsa ko garinsu ba namu ba ne. Ranar da hali ɗaya ya ɗaure mu duka, wanda ya bambanta da mu shi zai tallafe mu.